Harsasan Mincho

Bindigar ta mahaifin Radka ce. Shekarar da mulki ya sauya hannu, sojoji suka buɗe rumbunansu suka fito da tsofaffin makaman da suka daɗe jibge cikin maiƙo, suka yi gwanjonsu ga mafarauta. Rabin mazan ƙauyen Malka Bara sun gangara garin Smolyan a wannan karon. Tsohon ma ya sayar da maraƙi ya bi su, ya dawo da tasa naɗe a bargo kamar jaririya. Gajeriya ce, ƙirar Ostiriya, an ƙera ta tun kafin yaƙin duniya na farko. Ƙotarta ta yi baƙi ƙirin saboda yawan hannayen da suka riƙe ta, duk jikinta tabo ne. Amma in aka harba ta a kan tudu, sai karnukan ƙauyen gaba ɗaya su ɗauki haushi.

Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa biyu ne suka gaje ta. Akwai Mincho, babban, mai shimfiɗa tarkace a kasuwar 'yan gwangwan ta Plovdiv, sai ƙanwarsa Radka da ta zauna a ƙauye tana riƙe da mahaifiyarsu, Inna Bonka. Mincho ba shi da lasisi, kuma ba za a ba shi ba saboda wata tsohuwar rigima da ya taɓa yi a gidan biki. Don haka aka sa bindigar da sunan Delcho mijin Radka, direban motar burodi. Delcho mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko akuya ta taka shi sai ya ba ta haƙuri.

Ranar da za a sauya sunan, da Radka aka je shagon Sabin maƙerin bindiga. Sabin ya juya ta, ya leƙa cikin bututunta, sannan ya ɗora farce a kan wani harafi da aka buga a jikin ƙarfen.

"Ka ga wannan? Harsashi iri biyu aka yi wa dangin bindigar nan, na farko da na baya. Taka na bayan take ci, har yanzu kuma akwai masana'antar da ke yin sa. Shi za ka saya, a kwalinsa, a liƙe. Ragowar yaƙi kada ka kuskura, albarushi ma tsufa yake yi. Wanda kuwa wani ya cika da hannunsa, ko ubanka ne ya miƙo maka, ka ce ka gode ka ajiye."

Delcho ya gyaɗa kai. Radka ce dai ta riƙe maganar.

Aka yi shekaru a haka lafiya. Harsashin kwali da tsada, sai an sa a kawo a kuma jira, shi ya sa Delcho yake lallaɓa nasa kamar ƙwai. Sai wata kaka aladen daji suka sauko daga dutse garke-garke, suka faɗa wa gonakin dankali. Gonar Radka ce a bakin daji, suka mayar da ita kamar an bi ta da garma. Delcho ya harbe abin da yake da shi, ya koma shagon Sabin, aka ce babu, sai bayan sabuwar shekara.

Ana cikin haka Mincho ya iso ran Lahadi a tsohuwar motarsa mai tarin hayaƙi. Ya shigo rungume da wani koren gwangwani mai tsatsa, ya dire shi a kan tebur tsakanin tukunyar miyar wake da farantin cuku.

"Suruki, kukanka ya ƙare. Buɗe ka gani."

Delcho ya buɗe. Gwangwanin cike yake fal da harsasai, sai ƙyalli suke yi kamar zoben amarya.

"Yaya, ɗauke min wannan daga kan abinci," in ji Radka.

"Ke kin san daga ina suka fito kuwa? Gidan wani tsohon hafsa aka rushe, a cikin rufi aka same su. Na asali ke nan, waɗanda aka yi wa bindigar tun farko. Abin da Sabin yake sayar muku kwaikwayo ne, yana yankar ku kawai."

Radka ta ɗauki ɗaya ta kai hanci. "Abin da ya shekara da shekaru a rufi shi ne yake ƙyalli haka? Wa ya goge su? Kuma wari suke yi, kamar kabejin da ya ruɓe."

"Ke ma in aka ajiye ki a rufi tun yaƙin duniya, wari za ki yi."

Delcho ya kwashe da dariya, ya dubi fuskar matarsa, ya haɗiye sauran.

"Na gwada su da kaina," in ji Mincho yana yagar burodi. "Af, kuma ka daina yawo da bindigar nan cikin ruwan sama. Na samo wani attajiri ɗan Vienna mai tara irinta. Hoto kawai na nuna masa a waya, wallahi har hannunsa rawa yake. Kuɗin sabuwar mota muke magana. Da an rufe farautar bana za mu sayar, rabi nawa rabi naku."

"Mincho ya san kasuwa," in ji Inna Bonka daga kusa da murhu. "Tun yana ƙarami haka yake."

"Ƙwarai, Inna," in ji Radka. "Tun yana ƙarami ya sayar da kekena ya ce ɓarayi ne."

Radka ta rufe gwangwanin, ta kinkime shi ta fita, ta dangwarar da shi a kujerar motarsa. Ta dawo tana kaɗe hannu.

"In na sake ganin sa a gidan nan, da kai da shi rijiya zan jefa. Kai kuma Delcho, ka ji abin da Sabin ya ce ko ba ka ji ba?"

"Na ji mana. Haba Radka, ni yaro ne?"

Ran Asabar mafarauta suka hau dutse. Radka tana tsakar gida tana gasa jan barkono a kan garwashi, tana jin harbi jifa-jifa daga nesa kamar yadda aka saba. Sai ta ji wata ƙara daban, gajeriya mai kauri, kamar an saki tulu a kan dutse. Daga ita sai shiru, ko kare bai yi haushi ba. Ta ci gaba da juya barkononta tana kasa kunne.

Ba a jima ba motar Baba Tanyo, shugaban mafarauta, ta shigo layin da gudu tana ta oda. Delcho yana kwance a baya, an naɗe masa kai da riga, hannun hagunsa cikin wani tsumma da ya jiƙe sharkaf. Radka ta faɗa motar da zanen girkinta, ta ɗora kansa a cinya. Duk hanyar nan mai kwana-kwana zuwa Smolyan abu ɗaya ya iya faɗa.

"Radka, don Allah kada ki yi faɗa."

Tana gyara masa kwanciya ta ji abu mai tauri a aljihun rigarsa. Ta zura hannu ta fito da su. Harsasai ne, suna ƙyalli. Ta mayar da su aljihun zanenta, ta kafa wa ƙeyar Baba Tanyo ido har suka isa.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Idon dama ya tafi, ƙarfe ya shige shi. Babban yatsan hagu da na kusa da shi su ma sun tafi. Ɗan sandan da ya zo ya tambayi Baba Tanyo, Baba Tanyo ya ce tsohuwar bindiga ce ta gaji ta fashe, aka rubuta haka, aka ce a kawo ta ofis in an samu sarari.

Washegari Delcho ya farfaɗo. Radka ta ba shi ruwa, ta goge masa baki, sannan ta ja kujera.

"A ina ya ba ka?"

"A bayan shagon ƙauye. Da ya bar gidanmu can ya tsaya." Muryarsa da ƙyar take fita. "Ya ce kyauta ne. Ya ce don dankalinki."

"Don dankalina! Ni na aike ka? Dankali ido ne? A gabana aka gaya maka, a gabana ka ce kai ba yaro ba ne!"

"Ya riga ya zuba min a aljihu, mutane suna kallo. Na ji nauyin in mayar masa."

"Ka ji nauyinsa. Ni da zan yi ta jinyarka ba ka ji nauyina ba. Da wane ido za ka tuƙa mota yanzu? Da wane hannu za ka riƙe sitiyari?"

Hawaye ya zubo masa daga idon da ya rage. Ta miƙe ta fita baranda, don in ta zauna za ta faɗi abin da ba ya gyaruwa.

A barandar ta yi kiciɓis da Mincho, riƙe da ledar lemu, ya sa fuskar jimami.

"Ya mai jikin? Kai, abu bai yi daɗi ba. Inna ce ta kira ni." Ya ɗan matso ya rage murya. "Ita kuma fa? Tana ina?"

"Wa? Inna?"

"Bindigar mana. An ce ta tsage. Da yawa ne? In ƙotar ce kawai, na san mai gyara."

Radka ta tsaya tana kallonsa. Sai ta fizge ledar ta dallara masa ita a ƙirji, lemu ya watse yana gangarawa ƙarƙashin kujeru.

"Mijina yana kwance ba ido, kai kana tambayar ƙarfe? Ɗan iska! Mugu! Me ka zuba masa a aljihu?"

"Ke, ki iya bakinki, ni yayanki ne! Harsasaina lafiyarsu ƙalau. Mijinki ne sakarai, ya cusa bakin bindiga a taɓo ya harba, kowa ya san abin da hakan ke jawowa. Ni aka yi wa asara! Gadon ubana ya salwantar, kuɗin mota guda! Wa zai biya ni rabona?"

Ta yi kansa da farce. Sai da wata ma'aikaciyar jinya da maigadi suka shiga tsakani, aka fitar da shi yana ta zage-zage, ita kuma aka zaunar da ita.

Maganar taɓon ta tsaya mata a rai. Delcho bai taɓa barin bakin bindigar ya taɓa ƙasa ba, amma rantsuwa ba ta isa hujja. Ran Juma'a da safe ta ɗauko buhun da Baba Tanyo ya jefa tarkacen a ciki, wanda ya ajiye mata a rumfar itace, ta hau bas ta nufi shagon Sabin.

Sabin ya zazzage buhun a kan teburinsa ya yi tsaki. Ƙarfen ya dare a daidai inda harsashi ke zama, sakatar da ke kulle harsashin ta karkace, ƙotar ta rabu biyu. Ya ɗaga bututun ya hanga ta taga.

"Babu taɓo. Tas yake. Da a toshe yake, a gaba zai kumbura, ba a nan ba. Me aka ba ta ta ci?"

Ta fito da harsasan ta jera. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido. "Kin ga wannan ƙarzar a wuya? Haƙoran filaya ne." Ya sa shi a wata na'ura ya zare kan a hankali, ya juye cikin a kan farar takarda. Wasu 'yan falle-falle suka zubo. Ya sake buɗe wani, wannan karon wani jan gari ya fito a dunƙule, mai warin tsami.

"Wannan na biyun shi ne na asali, ya ruɓe. In kika yi sa'a ya ƙi tashi, in ba ki yi ba ya yi jinkiri ya tashi bayan an buɗe sakata. Na farkon kuwa albarushin bindigar harbin tsuntsaye ne. Shi lokaci guda yake cin wuta, na bindiga irin wannan kuwa a hankali yake ci. Wani ya zubar da ruɓaɓɓen ya ɗura wannan har wuya, ya goge ya gauraya su. Wannan ba harsashi ba ne, bam ne. Mijinki ya auna arziki da kansa bai tafi ba."

Radka ta dafa teburin. "Kafin ta fashe, nawa za ta yi? An ce kuɗin sabuwar mota."

"Wa ya ce?"

"Wai wani attajiri a Vienna."

Sabin ya yi wata dariya marar daɗi. "'Yar'uwa, dubbai sojoji suka fitar. Jirgi-jirgi aka yi ta lodin su waje, duk mai son irinta ya daɗe da samu. Wadda ba a taɓa ta ba, lambobinta duk suka dace, sai ta yi kuɗin awaki biyu. Taku an sauya mata ƙota, sakatar ma ta wata ce. A ce kuɗin tayoyin mota, su ma na hannu. Darajarta dai ita ce tana harbi daidai, kuma da za ta ƙara wasu shekarun da an ba ta abincinta." Ya nannaɗe takardar. "Shi kaɗai aka ba?"

Sai a lokacin ta tuna gwangwanin a cike fal, ta tuna rabin mafarautan ƙauyen irin wannan bindigar suke riƙe da ita, kuma duk shagon Sabin ya ce musu babu. Gobe kuma Asabar.

"Kada ki ce za ki tattara su da hannunki," in ji Sabin da ya ga fuskarta. "Ki kira 'yan sanda, suna da masu wannan aikin. Waɗannan ki bar min su, in an tambaye ni zan faɗi abin da na gani."

Da la'asar ta sauka daga bas ta wuce shagon ƙauye kai tsaye. Mafarauta suna zaune a teburin kusa da taga, ga barasa ga gyaɗa, suna rabon inda kowa zai tsaya gobe. Ta ɗaga buhun ta zazzage musu shi a tsakiya. Kofuna suka kife, barasa ta bi wandon Baba Tanyo.

"Wa da wa ya saya a hannun yayana?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Radka, 'yata," in ji Baba Tanyo, "zauna ki sha ruwa. Ya jikin Delcho?"

"Ba ni da ƙishi, Baba. Tambaya na yi."

"To, mun ɗan saya. Ni, da Raicho, da wasu. Ba wani abu ba ne, mun harba da dama lafiya lau."

"Kun harba waɗanda bai taɓa ba. Sauran albarushin tsuntsaye ya ɗura musu, da idona na gani yau. Ya gauraya su, ko shi bai san wanne ne wanne ba." Ta nuna ƙarfen da ya dare. "Wato kun ɗauko shi cikin jini, kun san abin da ke aljihunsa, ka dubi ɗan sanda ka ce bindiga ce ta tsufa? Kuma gobe za ku koma dutse da su?"

"Mun ɗauka tsautsayi ne."

"Kun ɗauka, ko kun ga dama ku ɗauka?"

Raicho, wani ƙato mai jan gemu, ya buga tebur. "Ke, mace ba ta shigo mana nan ta koya mana bindiga! Mijinki ne bai iya ba. Burodi ya sani, da ya tsaya a kan burodinsa."

"Kai ka iya ko? To tashi ka ɗauko taka. Ka sa ɗaya ka harba a nan ƙofar shago, a kira matarka ta zo ta kalla. Tashi mana, jarumi!"

Raicho ya yi wuƙi-wuƙi, bai motsa ba.

Baba Tanyo ya ɗaga hannu. "Ya isa. Mun ji, mun kuma gode. Yau ɗin nan za mu tattara su mu binne a bayan dutse, magana ta mutu a nan. In 'yan sanda suka shigo, ba takarda muka saya ba, lasisinmu gaba ɗaya za a karɓe. Aladu su cinye garin ke nan. Ki yi tunani."

"Naku za ku binne. Wanda ya rage a gwangwani fa? Ran Lahadi kasuwa za ta ci, zai shimfiɗa su tsakanin tsofaffin agogo da cokula, wani bawan Allah ya saya ya kai gida."

"Sai a ja masa kunne."

"Ni na shekara hamsin ina ganin ana ja masa kunne. Ga inda jan kunnen ya kawo mu."

"Ɗan'uwanki ne fa," in ji Raicho. "Ciki ɗaya kuka fito. Ke za ki miƙa shi?"

"Ai da ya ɗura albarushin ya san ciki ɗaya muka fito."

Ta ciro wayarta a gabansu ta kira. Ta faɗi sunanta da na ƙauye, ta faɗi sunan yayanta da unguwarsa a Plovdiv, ta ce a tambayi Sabin maƙeri. Da ta gama, ta tattara tarkacenta a buhu ta fita, babu wanda ya ce mata sai anjima.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Inna Bonka tana tsaye a bakin ƙofa, ta dogara sanda, ɗankwalinta ya zame.

"Gaskiya ne? Ɗana kika kai wa hukuma?"

"Gaskiya ne, Inna."

"Allah wadai! Ai ba da gangan ya yi ba, taimako ya so ya yi. Abin da ya faru ya faru, ɗaure shi zai dawo da idon ne?"

"Ba zai dawo da shi ba. Amma Delcho ma ɗan wata ne. Lokacin da ƙugunki ya goce, wa ya yi ta ɗaukar ki a baya zuwa coci? Mincho sau nawa ya leƙo? Yau kwana nawa Delcho yana asibiti, ko sau ɗaya ba ki ce a kai ki ki duba shi ba!"

"Ni kike ɗaga wa murya?"

"Ke ce kika ɓata shi! Duk abin da ya yi sai ki ce ya san kasuwa!"

Tsohuwar ta juya ta shiga ɗaki. Washegari ta ɗaure kayanta, matar Mincho ta zo ta ɗauke ta zuwa Plovdiv. Ko sallama ba ta yi ba.

'Yan sanda sun sami komai a garejin Mincho: gwangwanaye, filaya, tsumman goge ƙarfe, da cokalin shayin da yake awon albarushi da shi. Ashe ya riga ya sayar wa mutanen da ko sunansu bai sani ba, sai da aka yi ta sanarwa a rediyo. Game da attajirin Vienna, da aka matsa masa ya ce wani ɗan yawon buɗe ido ne ya taɓa cewa hoton ya yi kyau. Kotu ta ci shi tara mai nauyi, ta yanke masa ɗaurin talala. Mafarautan da suka saya an riƙe lasisinsu na shekara guda, aladu kuwa suka yi yadda suka so da gonaki har dusar ƙanƙara ta sauka.

Duk sanyin nan matan layi ba su gaisa da Radka ba. In ta shiga shago sai hira ta tsaya. Matar Raicho ce kaɗai wata rana ta ajiye mata kwalbar zuma a kan katanga, ta wuce da sauri. Delcho ya dawo gida, aka ba wani motar burodin, shi kuma aka samo masa gadi a injin yankan katako. Abin da ya fi ƙona wa Radka rai shi ne, tun kafin a cire masa bandeji ya ce shi ya yafe.

"Ka yafe naka," ta ce masa. "Nawa yana nan."

Sai da bazara ta shigo, ana saura kaɗan bikin Ista, bas ɗin rana ya tsaya a bakin layi ya sauke Inna Bonka da jakarta. Radka tana shanya ta hango ta tana tahowa a hankali. Ta je ta buɗe ƙofa.

"Matakalar gidan su Mincho ta kashe min gwiwa," in ji tsohuwar, ba ta dube ta ba. "Matarsa kuma miyarta ba gishiri."

"Sannu da hanya, Inna."

"Ya ce a gaishe ki."

"Ban amsa ba."

"Ya ce zai zo Ista."

"Ya zo. Titi ba nawa ba ne. Amma ƙafarsa ba za ta taka tsakar gidan nan ba, in kina son ganin sa a fitar miki da kujera waje."

Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga Delcho ya fito daga rumfa, baƙin ƙyalle a idonsa na dama. Tun da abin ya faru ba ta gan shi ba.

"Inna! Lale, lale. Kawo jakar."

Ya miƙa hannu zai kama igiyar, hannun ya wuce ta gefe ya cafki iska. Ya sake miƙawa, ya laluba, sannan ya kama da yatsun da suka rage masa. Ya yi 'yar dariyar kunya ya ce har yanzu bai gama sabawa ba, ya yi gaba da jakar.

Inna Bonka ta bi shi da kallo har ya shige ɗaki. Ba ta ƙara ambaton Ista ba. Radka ta ji zuciyarta ta sake tafasa ɗanya shar, ta danne, ta kama hannun tsohuwar ta haye da ita dakalin ƙofa, ta mayar da ƙyauren ta rufe da ƙarfi.